Adakar Magatakarda Ta Koma Aljihu

  

A zauren dattijon da muke yi wa magatakarda fiye da shekara ashirin, akwai wata adakar ƙarfe da muka gada daga wanda ya riƙe alƙalamin kafinmu. A cikinta akwai littafin ɗaurin aure, da takardun sulhu, da rasitan gidaje, da littafin gudummawar jana'iza, da wasiƙun ajami waɗanda suka zo daga Kano da Sakkwato da Salaga tun ba a haife mu ba. Idan aka buɗe ta, ƙamshin tsohuwar takarda da na kafur ne ke fara yi wa mutum sallama. Mabuɗinta yana wurinmu har yau. Sai dai mafi yawan abin da a da ake sawa a cikinta, yanzu a waya yake kwana. Sanarwar rasuwa a waya take fita, gudummawa ta waya take shigowa, wanda ke Jamus ko Amurka ta waya yake ba da wakilcin aurensa. Adakar da sai ƙarti biyu sun ciccɓa ta koma abin da ake sawa a aljihun riga, kuma aljihu ba shi da kwaɗo.

Ba mu fahimci nauyin wannan sauyi ba sai da muka yi ɓarna da hannunmu. Shekara uku da suka wuce, jikokin mutum ɗaya suka kawo ƙara a kan wani gidan gado mai ɗaki goma sha biyu. Duk waɗanda suka ga yadda marigayin ya raba ɗakunan sun riga mu gidan gaskiya, in ban da wata tsohuwa da ta haura shekara casa'in. Dattijo ya ce, "Malam, je ka ka ji daga bakin Iya tun tana iya magana." Muka ce, "To, ranka ya daɗe." Muka je muka durƙusa muka gaishe ta, ta yi bayani na kusan minti arba'in, ɗaki bayan ɗaki, da sunan kowa da dalilin da ya sa aka ba shi. Muka naɗi muryarta a waya da niyyar mu rubuta idan mun koma gida. Azumi ya shigo, hidimar salla ta biyo baya, muka yi ta cewa gobe. Wata ranar Asabar a cunkoson Kejetia, muna ƙoƙarin shiga mota, wayar ta bar aljihunmu. Bayan mako biyar Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa.

Ranar zama, dattijo ya juyo ya ce, "Ina maganar Iya?" Ba mu da abin nunawa sai abin da muka riƙe a ka. Muka faɗa iyakar gaskiyarmu, amma ɓangaren da maganar ba ta yi wa daɗi ba suka ce magatakarda ya karkata. Ba mu ga laifinsu ba, domin abin da muka riƙe a ka ba zai taɓa zama shaidar Iya ba. Shari'ar ta bar zaure ta koma kotu, kuma har yau da muke wannan rubutu akwai 'yan'uwan jini da ke wuce juna a ƙofar masallaci ba gaisuwa. Da kowa ya watse, dattijo bai yi mana faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, da a adaka ka sa, da sai ɓarawon ya zo da amalanke."

Mu mutanen Zango bai kamata a koya mana darajar takarda ba. Masana tarihi sun nuna cewa wasiƙu da layu na Larabci waɗanda Musulmin Kumasi suka rubuta, suka salwanta a yaƙin Katamanso na 1826, suna nan ajiye a ɗakin karatun masarautar Danmak a Kopanhagan. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, littafi guda ya wallafa a kan yadda ake tsara wasiƙa. Tsohon garin da ya zauna ruwan tafkin Volta ya cinye shi, amma rubuce-rubucensa da aka kwafa aka kai Jami'ar Legon sun tsira. Iyayenmu kuwa sun ba mu labarin Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka ga wanda aka haifa a nan ya hau babbar mota saboda ba shi da abin nunawa. Kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Darasin da ke cikin waɗannan duka ɗaya ne: abin da aka rubuta aka kwafa aka rarraba shi ne ke rayuwa. Abubuwan da za mu zayyana a ƙasa, bayan waccan asara muka koye su, daga 'ya'yanmu da masu gyaran waya da kuma gwaji.

Na farko, kada wani abu mai muhimmanci ya kwana a wuri ɗaya tak. Kusan duk mai wayar Android yana da asusun Google, ko ya sani ko bai sani ba, kuma asusun yana zuwa da rumbun ajiya kyauta mai girman gigabait 15. Matsalarmu ita ce, sau da yawa yaron shagon da ya sayar da wayar shi ne ya buɗe asusun, mai wayar bai san adireshin imel ɗin ba, balle kalmar sirrinsa. Ranar da waya ta ɓata, rumbun yana nan cike, amma ba mabuɗi. Saboda haka a zauna yau da wani amintacce a duba adireshin, a sauya kalmar sirri, a rubuta su a takarda. Daga nan a tabbatar lambobin mutane a asusun ake ajiye su, ba a kan layi ko cikin wayar kaɗai ba. A shiga saitunan WhatsApp, sashen hirarraki, a kunna ajiyar kwafi ta kullum zuwa Google Drive. A cire bidiyo daga cikin abin da ake kwafa, domin ajiyar WhatsApp yanzu tana cin rabonta daga wannan gigabait 15, kuma bidiyon biki da wa'azin da ake turowa zaure-zaure su ne ke cika rumbu.

Saƙon murya yana buƙatar kulawa ta musamman, domin shi ne wasiƙar iyayenmu mata da duk wanda bai yi boko ba. A cikinsa ake yin alkawari, a amsa bashi, wani lokaci har wasiyya. Ƙa'idar da muka kafa wa kanmu ita ce, duk muryar da ta shafi dukiya ko aure ko gado, ba za mu kwanta ba sai mun tura ta Drive, mun sa mata suna da kwanan wata da sunan mai magana da batun. Kafin mako ya zagayo mun rubuta ta a takarda, an karanta wa mai maganar, shaidu biyu sun sa hannu. Da mun yi wa Iya haka, da yau wani labarin ake ba ku.

Tsofaffin takardu ma suna da hakki a kanmu. Wanda ya ga gobarar kasuwar Adum ta watan Maris 2025, ko ya ga yadda ruwa ke shiga ɗakuna a bakin rafin Aboabo da damina, ya san adakar ƙarfe ma ba ta da alkawari. Manhajar Google Drive tana da wurin ɗaukar takarda da kyamara ta mayar da ita PDF, haka ma Adobe Scan. A shimfiɗa takardar a kan farin zane a inuwa da rana, a kashe fitilar kyamara, a ɗauki gaba da baya, har da gefen da malamai ke rubuta ƙarin bayani. Mun kwashe Juma'a goma sha ɗaya muna yin wannan bayan la'asar kafin mu gama da adakarmu. Yanzu kwafi ɗaya yana Drive, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi a gidan limamin unguwa.

Na biyu, a sa wa ƙofa sakata. Waya ta kasance da lambar buɗewa wadda ba shekarar haihuwa ba, ba kuma 1234 ba. A danna *#06# a rubuta lambar IMEI mai alƙaluma 15 da za ta fito, a ajiye tare da rasit, domin ita za a nema idan an kai rahoton sata. Sa'an nan WhatsApp: a saituna, sashen asusu, akwai tabbatarwa mai mataki biyu, inda mutum zai zaɓi lambar sirri mai alƙaluma shida. Minti biyu ake yin ta, amma rashinta ya sa an ci mutuncin manya a unguwannin nan. Ga yadda abin yake faruwa. Wani zai kira da ladabi, da Hausa mai kyau, ya ce daga kwamitin masallaci ko ƙungiyar alhazai yake, za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba ka karanto masa a sa ka a ciki. Lambar nan ita ce mabuɗin asusunka. Da zarar ka karanta, ya zama kai. Haka aka yi wa wani limami a nan kusa. Kafin magariba an bi almajiransa ɗaya bayan ɗaya da sunansa da hotonsa ana cewa matarsa na asibiti. Da yawa sun tura kuɗi, domin wa zai ji malaminsa cikin wahala ya tsaya bincike? Duk lambar da ta shigo wayarka ta saƙo, ba a karanta wa kowa ita, ko da muryar ta yi kama da ta ɗan ɗakinku.

Na uku, kuɗin waya. Tun da MTN ta kawo MoMo a 2009, ga kuma Telecel Cash da AT Money, gudummawar jana'iza da ta suna da adashin mata duk sun koma layi. Sauƙi ne babba, ga kuma harajin E-Levy da aka ɗora a 2022 an soke shi a 2025. Amma inda zuma take, nan ƙuda ke taruwa. Idan saƙo ya shigo cewa an turo maka kuɗi, wani ya biyo da kira yana kuka wai kuskure ya yi ka mayar masa, kada ka amsa masa komai. Danna *170# idan MTN ce, ka duba abin da ke asusunka da idonka. Ma'aikacin kamfani na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri. Izinin cire kuɗi ba a buɗe shi sai kana tsaye gaban wakili. Kafin ka tura kuɗi, sunan mai karɓa yana fitowa. Ka karanta shi kafin ka sa lambar sirri. Wanda aka damfara ya sanar da kamfanin layinsa nan take, ya kuma kira ko ya aika saƙo 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa. Jin kunya da yin shiru shi ne abin da ɗan damfara yake so.

A wajen kuɗin jama'a, mun daina karɓa a layinmu na kanmu. Mun ware layi guda na gudummawa, ana sanar da shi daga bakin liman, mutum biyu ke duba shi, kuma duk sidin da ya shigo yana shiga jadawalin Google Sheets da littafin takarda a rana ɗaya. Bayan sadakar uku ana karanta jimla a gaban iyalan mamaci. Wannan ya kare mu daga zargi, ya kare zuciyarmu daga waswasi. Akwai kuma abin da ya biyo bayan sabuwar rajistar layi da Ghana Card wadda aka fara a Oktoba 2021: dattawa da yawa da katin ɗa ko jika ko maƙwabci aka yi musu rajista. A idon kamfani, layin da kuɗin da ke cikinsa na mai katin ne. Duk wanda ya san haka layin mahaifinsa yake, ya gyara tun ana tare.

Na huɗu, harshenmu. 'Yan'uwanmu na Kano sukan tsokane mu cewa mun zubar da lanƙwasar haruffa a hanyar Gwanja. Ko da bakinmu ya sassauta, bai kamata alƙalaminmu ya bi shi ba. Mun taɓa aika sanarwa cewa matasa su hallara a fada da safe, wani yaro ya mayar da amsa yana tambaya da wa za a yi faɗan, kuma ya zo da sanda ne ko hannu ya isa. Raha ya yi, amma ya nuna mana cewa idan kowa ya saba rubuta fada da faɗa iri ɗaya, da kasa da ƙasa, da bata da ɓata, wata rana takardar sulhu za ta haifi rigima. Manhajar madannai ta Gboard tana da Hausa. Idan aka ƙara ta a cikin harsuna, ɓ da ɗ da ƙ suna samuwa, kuma za ta rage mayar da kalmominmu Turanci da ƙarfin tsiya. A ƙara Larabci a gefe domin addu'a da sunaye. Google Translate yana da Hausa tun 2013, Twi kuma tun 2022. Yana taimakawa a gane inda wasiƙar hukuma ta dosa, amma ba ma yarda ya fassara mana takardar gida ko ta gado. Wannan sai mutum mai harshe biyu da tsoron Allah.

Na biyar, manhajojin addini. Yawancinmu da ruwayar Warshu muka yi karatu a allo, alhali mafi yawan manhajojin Alƙur'ani da Hafsu suke buɗewa. Mun ga tsoho ya ɗauka jikansa ya ɓata karatu, ashe ruwaya ce ta bambanta. Manhajar Ayat ta Jami'ar Sarki Sa'ud tana da mushafin Warshu, kuma tarjamar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi tana samuwa a manhajoji da dama. Lokutan salla na waya lissafi ne da ke bin wurin da aka saita da tsarin da aka zaɓa, shi ya sa waya biyu a sahu ɗaya sukan saɓa da 'yan mintuna. A gwada da ladanin unguwa, a bi ladan. Alƙiblar Kumasi gabas ce mai karkata arewa, kuma ma'aunin waya yakan ruɗe kusa da ƙarfe. Ganin wata kuwa, sanarwar ofishin Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, muke jira, ba kalandar waya ba. Kuma a lura da abin da manhaja ke neman izini a kansa. Mai nuna lokacin salla ba ta da hurumi a lambobin mutanenka ko hotunanka.

Ga mai shirin sayen na'ura, a Adum ko wani wuri, shawararmu gajeriya ce. Kada yawan idanun kyamara ya ruɗe shi. Ya duba wurin ajiya, gigabait 64 a ƙalla, 128 ya fi. Ya duba girman batir saboda ranakun dumsor. Ya karɓi rasit mai ɗauke da IMEI. Idan ta hannu ce, kada ya biya sai an goge ta a gabansa ta buɗe ba tare da neman asusun tsohon mai ita ba. Ga dattijon da ido ya yi rauni, tabulet ta fi waya: allo ne mai faɗi, ana ƙara girman rubutu, ana jingine shi kamar yadda aka saba jingine allon karatu. Ga mai aikin rubutu irin namu, kwamfutar cinya ta hannu ta isa, amma a sani Microsoft ta daina tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, don haka a tambaya ko tana ɗaukar Windows 11. LibreOffice kyauta ce, tana rubuta wasiƙa da jadawali, ta fi manhajar sata wadda ke zuwa da cuta a cikinta. Manhaja kuma daga Play Store ake sauke ta. Wadda aka turo a zaure da alkawarin data kyauta ko tallafin gwamnati, a bar ta inda aka gan ta.

Saura abu ɗaya, wanda ba a son ambatonsa. A wannan aiki mun sha zama da iyalan mamaci, ga wayarsa a tsakiyar tabarma, ba wanda ya san lambar buɗe ta. A ciki akwai wanda yake bi da wanda ke binsa, akwai ajiyar marayu, akwai kuɗin adashin da yake riƙe wa mutane. Fitar da kuɗin mamaci daga kamfani sai da takardu da zirga-zirga, kafin nan mai bin bashi yana jira, mamaci kuma yana rataye da bashinsa. Mu da aka koya wa cewa kada Musulmi ya kwana biyu da abin wasiyya ba tare da ya rubuta ba, ya kamata mu gane cewa lambar waya ta shiga cikin wasiyya. A rubuta ta, da adireshin imel da kalmar sirrinsa, da jerin bashi da ajiya, a sa a ambulan a manne, a damƙa wa wanda aka yarda da amanarsa. Idan an sauya lamba, a sauya takardar.

Tamu ambulan tana cikin adakar nan, a ƙarƙashin littafin ɗaurin aure, kuma dattijo ya san inda take. Ranar da muka nuna masa, ya juya filashin a tafin hannunsa ya ce, "Duk wasiƙun kakanninmu suna cikin wannan ɗan abu?" Muka ce, "Suna ciki, Allah ya ja kwananka, kuma akwai irinsa a gidan Liman." Ya ce, "To, a bar takardun ma a inda suke." Muka mayar da su, muka rufe.

Wanda ya karanta wannan, muna roƙonsa ya ɗauki wayar mahaifiyarsa ko mahaifinsa a daren yau ya duba abu uku: asusun Google, ajiyar WhatsApp, da lambar mataki biyu. Idan kuma akwai tsoho a gidanku wanda ya san abin da ba wanda ya sani, a naɗa, a rubuta, a kwafa, kada a ce gobe.

Allah ya jiƙan Iya da sauran magabatanmu, ya daidaita tsakanin jikokin gidan nan, ya yafe mana sakacinmu, ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.